Neman Baba a Cikin Kwamfuta

Ni mutum ne mai ajiya. Abin da ya shigo hannuna ba ya fita, ko da murfin biro ne, amma ranar da aka ce in fito da abin da na ajiye, ranar ake jin kanmu da mutanen gida. Wannan halin na kwasa na zuba a cikin kwamfutar da na saya a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wani ofis ya sauya injinansa ya fitar da tsofaffin. Na kai ta ɗakinmu a unguwar Ridina, nan babban birnin Chadi, na ɗora ta kan teburin da matata ke jera kwanukanta, na lulluɓe ta da zane kamar amarya. Ranakun aiki ina akawu a wani kamfanin sufuri, Asabar da Lahadi kuma in buga wa 'yan unguwa takardu da Faransanci: mai neman aiki, mai neman fili, mai kai ƙarar maƙwabcinsa kan magudanar ruwa. Ban cika tsayawa in raɗa wa fayil suna ba. Yawanci sunan da inji ya ba shi, da shi yake kwana. Sau biyu aka sauya mini faifan ajiyar da ke cikinta, kowane karo in kwashe komai in zuba a jaka guda in kira ta "tsoho", har aka wayi gari akwai tsoho a cikin tsoho, ni kaina ban san abin da ke ƙasa ba. A cikin wannan tarin ne labarin mahaifina ya nutse.

Baba a hanya aka haife shi. Iyayensa sun taso da ƙafa daga wani ƙauye na ƙasar Hausa da niyyar Makka, kakata tana da ciki. Da suka iso bakin kogin garin nan ta haihu, aka ce a zauna damina ɗaya a huta a nemi guzuri, daminar da har yau ba ta ƙare ba. Baba ya girma yana ɗinkin hula, da ita aka san shi, duk unguwa Baba mai hula ake ce masa, sunansa na yanka sai a takarda. Bai taɓa ganin ƙauyen ba, amma ya haddace shi daga bakin uwarsa: sunan garin, unguwar, bishiyar da ke ƙofar gidan, da mutanen da aka bari a baya. Ni kuwa tun ina yaro da ya fara sai hankalina ya tafi filin ƙwallo. Da Larabcin Chadi muka tashi a titi, Faransanci a makaranta, Hausa sai an shigo gida, saboda haka wani ƙauyen da ba wanda ya taɓa gani bai dame ni ba. Ba na ɓoye wannan, kuma ina jin kunyarsa.

Da kwamfuta ta zo, shi da kansa ya nemi a rubuta labarin. Na yi ta ce masa gobe, har matata ta gaji da jin goben ta karɓi aikin. Ta yi makarantar koyon buga takardu kafin aurenmu, hannunta ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Sai dai Baba ba ya shiga ɗakin surukarsa, ita kuma ba ta zama a gabansa. Haka aka yi aikin, shi a kan tabarma a bakin ƙofa ƙarƙashin rumfa, da hula da allura a hannu yana ɗaga murya, ita a ciki bayan labule tana bugawa. In wuta ta ɗauke a tashi, in ta dawo a ci gaba. Sun fi wata guda a haka, ni ina wurin aiki. Ranar da suka gama na ce mata ta sa cikakken sunan Baba a saman takardar, ta kuma sa wa fayil ɗin shi, don kada ya ɓace. Ta ce to. Na ce zan kai a fitar da shi a takarda, wannan ma na ce gobe.

Bayan shekara uku mantuwa ta kama Baba. Ya fara da manta inda ya ajiye allura, ya koma manta ko ya ci abinci, har ta kai yana tambayata ko uwarmu ta dawo daga kasuwa, ita da ta daɗe a kabari.

Wata Asabar a tsakiyar bazara, bayan la'asar, wani Alhaji ya zo gaishe shi. Ɗan kasuwa ne daga arewacin Najeriya, bai daɗe da buɗe shagon atamfa a unguwar Klémat ba, na buga masa wasu takardu shi ya sa muka saba. Da ya yi sallama ya shiga jero gaisuwa da Hausarsa ta gida, wadda babu ɗigon Larabci a cikinta, sai na ga Baba ya gyara zama ya ajiye hula. Ya ce irin maganar uwarsa ke nan. Hira ta yi hira har ta kai ga asali. Alhaji ya ce ranar Alhamis da sassafe zai tafi gida sarin kaya, zai yi kamar wata biyu, kuma dama yawonsa na kasuwannin ƙauye ne. In aka ba shi sunan garin da na gidan, zai nemi dangin ya kai musu gaisuwa. Baba ya buɗe baki zai faɗi sunan garin, muka jira. Ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya dube ni.

"Yana cikin injinka," ya ce. "Ka ciro wa baƙo."

Na ce yanzun nan, da ƙarfin gwiwar wanda bai san abin da ke jiransa ba. Alhaji ya ce ba gaggawa, zai biyo ranar Laraba bayan la'asar ya karɓa.

A lokacin kwamfuta irin tawa tana zuwa da nata abin binciken, wani ɗan kwikwiyo rawaya a gefen allo, ka rubuta abin da kake nema ya shiga sunsunar ƙasa yana kaɗa wutsiya. Na rubuta sunan Baba. Ya gama sunsune-sunsunensa ya ce babu fayil mai wannan suna. Na ce ya duba har cikin takardun. Nan ya shiga tono, inji yana gurnani, gumi yana bin bayana, har aka kira magariba bai kai rabi ba, sai wuta ta ɗauke. Ban taɓa jin haushin dabba irin na ranar ba.

Matata ba ta gida. Ta haifa mana ɗanmu na fari bayan dogon jira, tana can unguwar Atrone wajen mahaifiyarta tana wankan jego. Na kira ta a waya na tambaye ta wane suna ta sa wa fayil ɗin Baba. Ta ce ba ta tuna ba, tana ganin inji ne ya sa masa nasa. Na tambaye ta sunan ƙauyen, ta ce garuruwan da ke cikin labarin suna da yawa, kowane zango da sunansa, tana tsoron ta faɗi wanda ba shi ba a je a wahalar da bawan Allah. Ta fara wata magana, ta ce "Amma Malam," jaririn ya tsala kuka, ni kuma na riga na ƙule. Na ce ta bari kawai, na san yadda zan yi, na kashe waya.

Lahadi da safe na hau babur ɗin haya, wanda muke kira kilando, zuwa Klémat wajen wani abokina mai shagon intanet. Balaraben Chadi ne, tare muka yi makaranta, yana jin Hausa don a cikinmu ya tashi, sai dai in yana magana Larabci da Faransanci ne ke cinye rabinta. Ya saurare ni ya yi dariyarsa ya more. Ya ce kwikwiyon nan ba ya riƙe komai a kansa, kullum daga farko yake bin gida ɗaki-ɗaki. Abin da nake bukata manhaja ce da za ta zauna sau ɗaya ta karance duk abin da ke cikin injin, ta jera kalmomin a wuri guda kamar fihirisar littafi, daga nan duk abin da na tambaya ta miƙo mini kafin in ɗauke yatsa. Ya ce yana da guda uku a hannu. Akwai wata 'yar ƙarama da ba ta cin wuri. Akwai ta wani kamfanin intanet na ƙasar waje, wadda samarin shagon ke ta rububi. Ta ukun kuwa a kan wani faifai take, wanda ya zo manne da wata mujallar kwamfuta da wani matafiyi ya kawo masa, mummuna ce a ido, maɓallai ta ko'ina.

Na tambaye shi wacce zan ɗauka.

"Wadda ka ga dama, ahuy. Duk lojisiyel ɗin seme ne."

Wato ɗan'uwana, manhajojin duk masu kyau ne, amsar da ba ta kai mutum ko'ina. Ina da wani hali, in aka ba ni zaɓi biyu sai in wuni ina auna su, in sun kai uku kuwa sai in rikice. Na bi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya ina neman shawara, kowa ya zama malami. Wani ya ce ta kamfanin wajen tana kwashe sirrin mutum ta aika ƙetare. Wani ya ce duk abin da ya zo a faifan mujalla da cuta a cikinsa. Wani dattijo da ya zo aika wa ɗansa saƙo ya ce in karanta Yasin kawai. Har azahar ina nan, ina zama ina tashi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa tafiya saura kwana huɗu, ina tsaye ina zaɓen wuƙa. A ƙarshe na ce ya zuba mini duka ukun na tafi da su.

Da ƙaramar na fara, da yammacin ranar, wuta tana dawowa. Sauri kam sai wanda ya gani, ban gama rubuta sunan ba ta riga ta ce babu. Na gwada "tarihi", babu. Na gwada "asali", babu. Sai daga baya na gane sunayen fayiloli kawai take dubawa, ba ta leƙa cikinsu. Abin da ta yi mini dai shi ne ta nuna mini fuskar ajiyata ba kunya: sabuwar takarda ta ɗaya, sabuwar takarda ta biyu, wasiƙa, wasiƙa mai kyau, wasiƙa mai kyau ta ƙarshe, wasiƙa mai kyau ta ƙarshen ƙarshe. Ba laifinta ba ne, an yi ta ne don masu raɗa wa kayansu suna. Na cire ta.

Litinin na sa ta kamfanin wajen. Ita kuma sharaɗinta ba ta karatu sai an bar injin ya huta, da ka taɓa shi ta tsaya cak. Ni da ba na iya minti biyar ban leƙa ba, sai muka zama kamar mai dafa shinkafa da ke ta buɗe tukunya. Na daure na bar ta a kunne na tafi aiki. A ofis na kasa zama, takardar mota ɗaya sau uku ina cike ta ina ɓatawa. Da azahar na gudo gida na tarar da allo baƙi ƙirin, maƙwabta suka ce tun hantsi aka ɗauke wuta. Da ta dawo bayan la'asar na kunna, sai na ga karatun ya koma farko. Ko laifin manhajar ne ko na tsohon injina, ban tsaya shari'a ba. Ga kuma maganar sirrin nan tana cin raina, don a cikin injin akwai takardun mutane da suka ba ni amana, har da na rikicin aure da na asibiti. Na kira abokina na faɗa masa. Ya tambaye ni ko kwamfutata tana da layin intanet, na ce ko kusa.

"To sirrin ta ina zai bi ya fita? A kan jaki?"

Na san gaskiya ya faɗa, amma na cire ta ita ma, don ba zan iya sake zuba ido a wuni ana karatu a koma farko ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a kwanakin nan Baba ne. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, wannan maganar guda ta maƙale masa. Kowace safiya in na durƙusa gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce, "Baƙon nan ya tafi?" In ce bai tafi ba. Ranar Litinin ɗin na tarar ya zazzage buhun hulunansa a tabarma, ya zaɓi wata fara mai aikin shuɗi, ya naɗe ta a takardar siminti ya ɗaure da zare. Ya ce tsaraba ce, ba a aika gaisuwa hannu rabbana. Na tambaye shi ta wace ce, ya kalli ƙunshin, ya ce in an ciro daga inji za a gani.

Talata ban je aiki ba. Na naɗe injin a zanen matata, na rungume shi a kan kilando, muna kutsawa tsakanin motoci ina ta ce wa mai babur ya bi a hankali, kuma ina jin haushin rashin saurinsa. Shagon abokina yana da janareta, gurup muke ce masa, can ne kawai na tabbata wuta ba za ta ci amanata ba. Muka sa mummunar nan ta faifan mujalla. Kafin in yarda na sa shi ya zare waya da gangan ana tsakiyar karatu, ya mayar. Ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Nan take na ce ita na zaɓa, don a garinmu wannan ya fi kyan fuska. Ga shi tana leƙa cikin takardu har tsofaffin, tana kuma nuna layin da kalmar ta fito.

Wunin ranar a tsaye na yi shi. In je bakin ƙofa in dawo, in dubi ɗan layin da ke nuna inda karatu ya kai, in sha shayi ban ji ɗanɗanonsa ba. Shagon Alhaji bai da nisa da wurin, da na fita sallar azahar sai da na zaga ta wani lungu don kada mu haɗu. Wajen la'asar ta gama. Na zauna na rubuta sunan Baba, ban ɗauke yatsa ba allo ya cika maƙil, ana gangarawa ba ya ƙarewa. Har na juya na dafa kafaɗar abokina. Na buɗe ta farko, takardar neman aikina ce. Ta biyu, wasiƙar da na rubuta wa shugaban ofishinmu ina neman hutu. Ta uku, takardar wani maƙwabci da na sa hannu a matsayin shaida. Ai sunan Baba shi ne sunana na biyu, duk inda na rubuta nawa yana biye. Na yi ta buɗewa har magariba, kowace takarda ni ne a cikinta, shi babu shi ko a ɗaya.

"Fishiye ma fi," in ji abokina. "Kalas, ahuy, an goge."

Wato fayil ɗin babu shi, shi ke nan. Ya ce wataƙila wajen sauya faifai ya salwanta, hakan na faruwa. Na ji haushinsa, na ji haushin mai gyaran da ya sauya faifan, na ji haushin matata. Kaina ne kawai ban tuhuma ba.

Laraba da safe Baba ya yi tambayarsa, na ce bai tafi ba. Wannan karon ya ƙara da, "Ka ciro?" Na ce ana nan ana cirowa. Ya gyaɗa kai ya jawo ƙunshin hular kusa da gwiwarsa. Na kasa zama a gidan. Na tari kilando zuwa Atrone, kuma in faɗi gaskiya ba shawara na je nema ba, faɗa na je yi. Duk tsawon hanyar ina shirya maganar da zan gasa mata, cewa ita ta goge, cewa an ba ta abu ɗaya ta kasa riƙewa.

Atrone a lokacin gidaje ne sababbi jefi-jefi, katangu ba shafe, bishiyoyi ba su kai ga yin inuwa ba. A gidan surukata ba na wuce rumfar ƙofa. Muka gaisa da ita tana bayan zana, kamar yadda muka saba, ban ga fuskarta ba ba ta ga tawa ba. Matata ta fito da jaririn ta zauna a gefen tabarma. Ko ruwan da ta ajiye mini ban sha ba na fara zazzagawa: manhaja uku, kwana huɗu, na rubuta sunan Baba ya fi sau ɗari, babu takarda ɗaya tasa. Ita dai ta sunkuyar da kai tana wasa da ƙafar yaron. Sai muryar tsohuwar ta fito daga bayan zana, a hankali.

"Malam, ka yi haƙuri in sa baki. Sunan wa ka ce kana nema?"

Na ce na Baba.

"To 'yar da na haifa ce za ta zauna ta rubuta sunan surukinta, shi yana zaune a bakin ƙofa? Ai ban yi mata irin wannan tarbiyyar ba."

Na juya na dubi matata. Ba ta ɗago ba. Ta ce duk inda sunan ya zo ɗigo-ɗigo ta sa, a saman takardar ma haka, fayil ɗin kuma ta bar shi da sunan da inji ya ba shi. Ta so ta faɗa mini a waya na kashe. Tun can farko ma ta bar guraben ne don in cike da hannuna.

"Na zaci za ka karanta," ta ce.

Ban taɓa jin magana ta dake ni irin wannan ba, kuma a hankali aka faɗe ta. Shekara uku labarin ubana yana ɗakin da nake kwana ban buɗe shi ko sau ɗaya ba. Na dubi yaron da ke cinyarta, wanda muka raɗa wa sunan Baba, na tuna tun ranar suna ban ji ta kira shi da shi ba, sai dai ta ce mai suna. Wayar da ke aljihuna ma, lambar tsohuwar da ke bayan zanar nan "Atrone" na rubuta a kanta, don hannuna ba zai iya rubuta sunanta ba. A cikin wannan al'adar aka haife ni, a cikinta nake kwana nake tashi, amma da na zauna gaban inji sai na zaci ita ma a bakin ƙofa take tsayawa. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Na tambaye ta, muryata ta riga ta sauka, ko akwai wata kalma a labarin da ba za a same ta a takardun mutane ba. Ta ɗan yi tunani.

"Ka nemi jaki," ta ce.

Ta ce kakannina da jaki suka taso, Baba ya daɗe a kan labarinsa, wuni biyu suka yi a kansa. Na sha ruwan, na yi wa tsohuwa sallama da muryar da ta fi ta zuwa ladabi, na fita neman babur. A Atrone da tsakar rana samun kilando ma aiki ne, sai da na taka har bakin babbar hanya.

Abokina yana ganina ya fara ba ni haƙuri, na wuce shi na zauna na rubuta haruffa huɗu. Fayil ɗaya tak ya fito, a cikin tsoho na cikin tsoho, sunansa sabuwar takarda da wata lamba a gefe. Na buɗe. A saman shafin an rubuta "Labarin Baba" sai ɗigo shida. Sunan ƙauyen yana layi na biyu. Abokina ya leƙo ya ga abin da na rubuta a wurin nema, ya riƙe ciki yana dariya, ya ce ashe dai a kan jakin sirrin ya fita. Muka fitar da shi a takarda, kwafi biyu.

A tsaye na karance shi, a nan cikin ƙarar janareta. Ga unguwar marina, ga tsamiyar ƙofar gida, ga jakin da ya mutu kwana biyu kafin a iso kogi, aka raba kayansa a kai. Ga kuma ƙanen kakana, wanda ya raka su har bayan gari ya tsaya, aka bar masa gona ya riƙe kafin a dawo. Duk inda aka ambace shi matata ta rubuta "mai sunan Baba". Ashe da kakata ta haihu a bakin kogi sunansa aka mayar wa jaririn, wato Baba. Ina da shekara talatin da wani abu ban san wannan ba.

Bayan la'asar Alhaji ya zo kamar yadda ya ce. Muka zauna a tabarmar bakin ƙofa, ya sa tabarau ya fara karantawa a bayyane don ya tabbatar da hanya. Da ya faɗi sunan ƙauyen ya ce ya san yankin, akwai kasuwar da yake ci a kusa. Baba ya maimaita sunan a hankali sau biyu, kamar mai ɗanɗana miya. Alhaji ya ci gaba har ya zo kan mai sunan Baba, ya tsaya, ya duba sama ya ga ɗigo-ɗigo. Shi Baba mai hula kawai ya sani. Ya ce to in ya isa, gidan wa zai ce yana nema?

A takarda na rubuta sunan nan ya fi a ƙirga, amma ban taɓa furta shi a gaban mai shi ba. Ina laluben biro a aljihu sai Baba ya gyara murya ya faɗi sunansa da bakinsa, cikakke, har da na ubansa da na kakansa, babu gargada. Ya ɗauki ƙunshin hular ya miƙa da hannu biyu.

"Ka ba mai sunana wannan. Ka ce ya yi haƙuri da gonar. Ka ce musu ba mu isa ba tukuna, muna hanya."

Alhaji ya karɓa ya ce in sha Allahu. Washegari da na durƙusa gaishe da Baba, ya amsa gaisuwar kawai, bai tambayi baƙo ba, kuma bai sake tambaya ba.

Sai da damina ta kankama Alhaji ya dawo. Matata ta riga ta koma ɗakinta, tana bayan labule da yaron lokacin da ya zauna a tabarmar. Baba bai gane shi ba. Duk da haka Alhaji ya fuskance shi ya ba da saƙo kamar yadda ake bayarwa. Ya sami garin, ya sami tsamiyar, marinar ce kawai aka cike. Mai sunan ya daɗe da rasuwa, amma ya tarar da 'yarsa, tsohuwa tukuf, ita ta karɓi hular. Da ya faɗa mata saƙon ta ce ai sun sani. Ta ce har ubanta ya bar duniya bai yarda an raba gonar ba, duk wanda ya tambaye shi labarin yayansa sai ya ce suna hanya.

Na ji shesshekar matata a bayan labule. Baba bai ɗago kai ba, yana ta juya wata hula a hannunsa yana neman inda zai soka allura. Ni na karɓi saƙon, don babu wanda ya rage ya karɓa sai ni.